Na'urar Bitrus Ta Amsa

Jama'a, ku ji abin da ya faru a ofis yau.

Kun san sati uku ba mu ji ɗuriyar Bitrus mai kula da reshenmu na Borno ba, tun da aka ƙona turakun waya a garin. Da safe Oga ya ce, "Hadiza, layin sirrin da ke tsakaninmu da su ya mutu, ki cire shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in yi ping tukuna, in ga ko na'urarsu ta satalayit za ta amsa."

Na aika, shiru. Na sake, sai ga amsa! Ashe tana kunne. Mu ne muka canza makullin sirri, shi Bitrus yana kan tsohon. Na mayar da tsohon, nan take layi ya haɗu.

Sai ga rubutu: "Ina raye. Kwana huɗu ina tayar da janareto ina jiranku."

Ni kuwa na tari Keke sai unguwar Bolari, wurin matar Bitrus. Ta karanta sau biyu tana hawaye, ta ce, "'Yar'uwa, tambaye shi ko ya ci abinci."