Shekara Biyu Na Hana Shi Gabas

Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, yakan ce gabas daga gaba ta samo suna. In mutum ya tsaya salla, abin da ke gabanshi shi ne gabas, yamma na bayanshi, kudu a dama, arewa a hagu. Malamai su ce alƙibla, mu dai a ƙauyenmu, tsakanin garin Sarkin Hausa da Mayahi, gabas muka sani. Can rana ke fitowa, can hadari ke tasowa. In aka ce wane ba ya kallon gabas, an gama zagin shi, ba ya salla ke nan. In kuma rantsuwa ta yi tsanani, can ake juya mutum.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya riga ya gama da mu. Mijina ya yi Kudu neman abinci, har yau bai dawo ba. Mahaifina ya rasu. Na koma gidanmu da yarinyata 'yar shekara uku, ƙarƙashin wan mahaifina, wanda muke ce ma Baba. Da kamyon taimako, babbar motar kaya, ya iso da jar dawa, masu gida kaɗai aka kira. Baba ya karɓo har da rabonmu, ya zuba a rumbunshi, ya liƙe baki da laka. Ko tiya guda ban gani ba.

Na kai ƙara wurin mai gari, ga soja ɗaya zaune da bindiga bisa cinya. Aka kira Baba. Mutumin nan, wallahi ko ƙifta ido bai yi ba, ya juya ya fuskanci gabas, ya rantse cewa da hannunshi ya auna mani rabona. To wa zai saurari mace bayan dattijo ya kalli gabas? Mai gari ya ce in tashi, in ji kunya. Na koma ga 'ya'yan anza na daji, ina jiƙawa ina tsiyayewa, ɗacin bai fita ba nake ba yarinya don kuka ya ishe ni. Cikinta ya kumbura. Ta rasu saura kwana kaɗan ruwan farko ya sauka.

Ban yi kururuwa ba. Na haɗiye, na ajiye.

Bayan shekara goma wani farin ya dawo, sojan dai na nan bisa mulki. Baba ya makance. Matarshi ta rasu, 'ya'yanshi maza sun watse ci-rani. Jinkar ɗakinshi ma an yaye an ba awaki, sai aka maido shi wata bukka a sashena. Duniya juyi-juyi! Ni ce mai dama mashi fura, ni ce mai kawo buta. Bukkar kuwa zagayayya ce, ba kusurwar da makaho zai lalluba ya gane inda yake.

Ranar farko da azahar ya yi alwala, ya miƙo hannu ya ce, "Ɗiyata, ina gabas?"

Na tsaya da tabarma a hannu. Na ce a raina, yau kai ke tambayata gabas? Na shimfiɗa tabarmar, na kama kafaɗunshi, na juya shi tsaf ya kalli yamma. Na ce, "Ga ta nan gabanka, Baba." Ya kabbara. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka fita da yarinyata a cikin tabarma.

Haka muka yi ta yi, sau biyar a yini. Sau ɗaya ya kusa ganewa. Hadari ya taso da la'asar, iska ta kutso ta tsakanin zana ta bugi ƙeyarshi. Da ya sallame ya ce, "Ikon Allah, yau hadari ta baya ya zo?" Na ce, "Guguwa ce, Baba, ba ta da gaba ba ta da baya." 

Wata rana na tari liman a hanyar rijiya, na tambaye shi kamar zancen wasu ne. Ya ce makahon da ya tambaya aka ɓatar da shi, sallarshi ta yi, nauyin na bisa wanda ya juya shi. Kai, na ji kamar in fasa tulun! Ashe ni nake ta tara ma kaina zunubi. Amma da na iso gida ya ce ina gabas, sai na sake ba shi yamma. Na ce na ji, na ɗauka. Magana ɗaya nake jira, ya buɗe baki ya ce ya ci dawar yarinyar nan. Da ya faɗa, ranar zan gyara tabarmar.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya laluba ya kama hannuna ya ce, "Ɗiyata, ki yafe mani."

Na ce, "Me zan yafe, Baba?"

Ya ce, "Duk abin da na yi."

Na ce, "Faɗi shi."

Ya saki hannuna, ya juya kai. Da hantsi ya cika.

Mata ba su zuwa kushewa. Ina tsaye bakin darni maza suka ɗauke shi suka fita, ina kallon makarar har ta ɓace bayan rumbuna. Na san abin da za su yi can. Za su kwantar da shi bisa damanshi, su tallafi kanshi a hankali, su juya mashi fuska inda na hana shi shekara biyu. Ba wanda ya zo ya tambaye ni.