Ƙulli na Takwas

Warsiti ƙanwar mahaifina ce, mu 'ya'yan gidan kuwa Bulik muke ce mata, wato gwaggo. An haife ta a garin Pekalongan, a unguwar da ruwan teku ke shigowa har ɗaki in wata ya cika, ta tashi cikin warin kakin zuma da rini. Tana gama firamare mahaifiyarta, kakarmu Mbah Kasmirah, ta zaunar da ita gaban kasko, ta koya mata zana fure a kan farin yadi da narkakken kaki. Shekara ashirin da huɗu ta yi tana wannan aiki a gidajen masu rini. A tsakanin nan ta auri Tarmuji masunci, zazzaɓi ya ɗauke shi suna shekara tara da aure, ba su haihu ba.

Da hannunta ya soma rawa, sai ta bar zane ta koma bin gidaje tana sayen tsofaffin zannuwan batik, irin masu zanen kakin nan. Ta wanke, ta goge, ta ɗauki hotonsu a kan igiya, ta saka a kasuwar intanet. Shagon ba shi da ƙofa ba shi da rufi, a cikin waya yake, amma shi ke ci da ita. Dokar kasuwar kuwa ba ta da wasa: mai sayarwar da aka kayar a ƙorafi sau uku cikin wata uku, rufe shagonta ake yi.

Karo na farko wata mata ce ta kayar da ita. Ta sayi zane, ta ɗaura ta je biki, ta dawo da shi da tabon miya ta ce haka ya zo. Warsiti ba ta da shaida. Daga ranar ba ta sake naɗe kaya ba sai waya na jingine da butar shayi tana ɗauka. Za ta faɗi kwanan wata da sunan mai saye, ta ware zane gaba da baya, ta bi bakinsa da yatsa, ta ninke, ta sa a leda, ta sa a kwali, ta naɗe da salatif har sai ya yi ƙyalli.

"Sai ka ce mai karanta labarai a talabijin," in ji maƙwabciyarta Rumiyah mai tuyar ayaba, wadda ke leƙowa ta taga kullum da hantsi. "Saura ki gaya musu ko za a yi ruwa gobe."

Warsiti, wadda ke kiranta Yu, wato yaya, ta ce, "Yu, in ba sayen zane ya kawo ki ba, matsa, kin tare mini haske."

A ƙasan kabad ɗin Mbah akwai wani zane ruwan ƙasa mai zanen fukafukai, wanda ba a ɗaurawa. Da shi ake lulluɓe mamacin gidanmu daga wanka zuwa sa likkafani. Duk wanda ya lulluɓa, in an dawo daga maƙabarta, Mbah takan ɗinka ƙulli ɗaya da farin zare a bakinsa. Bahagwa ce, don haka ƙullinta karkace yake fita. Na shida na Tarmuji ne. Na bakwai na Mbah ce da kanta, Warsiti ta ɗinka shi, shi kaɗai ne ya miƙe.

Ba ta son zanen nan. In ta buɗe kabad sai ta ga ƙafafun mijinta a ƙarƙashinsa. Shekara biyu da rasuwar Mbah ta fito da shi, ta ce masallaci ya sayi koren mayafi na gawa, me za a yi da wannan, ga shi aikin hannu ne na da, irin wanda masu tara zannuwa ke nema ido rufe. Ta wanke shi sau uku ta saka a shago.

Wata malamar makaranta a Medan ta saya. Kwana tara ya dawo. Ƙorafinta shi ne akwai ɗinki a bakin zanen da ba a faɗa ba, kuma yana warin kafur. Gaskiyarta ce, Warsiti ba ta rubuta ba, aka kayar da ita karo na biyu.

Sodikin mai kai kaya, dattijo mai babur, shi ya miƙo mata kwalin. Shi yana ce mata Bu, wato uwa, ita tana ce masa Pak, wato baba. "Bu, ƙanƙara kika fara sayarwa? Tun daga ofis yake sanyaya mini baya."

"Tsufa ne, Pak, je ka sha magani."

Rumiyah ta ce, "Mayar da shi kabad, Siti. Ya gaya miki ba ya son tafiya."

"Zane ne, Yu. Auduga ce da rini."

Ta shanya shi kwana biyar a rana, ta shinshina ba ta ji komai ba. Wannan karon ta rubuta dalla-dalla: akwai ƙulli bakwai na farin zare a baki ɗaya. Abin da ƙullin ke nufi ne kawai ta bari a cikinta. A bidiyon naɗewa ta ƙirga su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, farcenta a kan kowanne. Wata mai suna Widuri a Pontianak ta saya.

Ranar Laraba da azahar, tana cin shinkafa a bakin ƙofa, wayar ta yi ƙara. Ƙorafi na uku. Kaya ya zo da danshi, yana warin kafur, kuma ƙulli takwas ne ba bakwai ba.

Ta ajiye kwanon ta buɗe bidiyon mai sayen. Ga kwalinta, ga salatif ɗinta yadda ta naɗe shi. Hannun wata matashiya ya juya shi ta kowane gefe. Wayar ta karkace na ɗan lokaci ta nuna silin, ana neman almakashi, sannan ta dawo. Aka yanke, aka zaro zanen, aka bi bakinsa. Warsiti ta tsayar da hoton ta buɗa shi da yatsu biyu. Kusa da ƙullin da ta ɗinka wa Mbah akwai wani. Zarensa ya tsufa ya yi ruwan ƙwai kamar na sauran, kuma karkace yake.

Ta buɗe nata bidiyon. Bakwai. Ta koma na Widuri. Takwas. Ta yi haka har shinkafar ta huce.

Saƙon ma'aikatan kasuwa ya shigo da la'asar. Tunda wayar mai saye ta kauce daga kan kwali, shaidarta ta yi rauni. In Warsiti ta tura nata bidiyon cikin kwana biyu, za a yi watsi da ƙorafin, zanen ya zauna wurin wadda ta saya. In ta amince da laifi, kaya ya dawo mata, shagon kuma a rufe.

"To me kike jira?" in ji Rumiyah. "Tura musu. Ita ta ɗinka abinta don ta ci banza, kamar waccan mai tabon miya."

"Da zaren da ya shekara talatin? Da hannun hagu?"

Rumiyah ta karɓi wayar ta duba. Ta daɗe tana kallo, ta miƙo mata, ta goge hannunta a jikin riga. "Ni dai ayabata na kan wuta," ta ce, ta tafi.

Washegari da safe Warsiti ta nemi lambar matar a jikin takardar aike ta kira ta. Muryar yarinya ce, mai ladabi.

"Ki yi haƙuri, Bu, ba don in ɓata miki shago ba ne. Surukata ce ta ce a mayar."

"Ba komai, Mbak," in ji Warsiti, yadda ake kiran matashiya a can. "Me za ki yi da zanen?"

"Wankan al'ada na cikin wata bakwai za a yi mini ranar Asabar. Cikin fari ne. An ce in nemi zannuwa bakwai na canji, wannan ne na ƙarshe, shi zan zauna da shi. Ni wallahi yana burge ni. In sun ce ba za a mayar ba, ɗaurawa zan yi."

"Kin gwada shi a jikinki?"

"Tukuna. Jiya dai na kwanta da rana, na tashi na tarar an lulluɓe ni da shi har fuska. Mijina ya ce ba shi ba ne, amma shi da tsokana."

Warsiti ta ce, "Nduk, 'yata, saurare ni. Sa shi a leda yanzu, ki ɗaure, ki ajiye a waje. Kar ki bari ya kwana a ɗakinki. Yau ɗin nan zan aiko miki da wani, kyauta, wanda ba a taɓa yin komai da shi ba sai goyo."

Ta kashe kiran, ta buɗe shafin ƙorafi. Bidiyonta na nan, taɓawa ɗaya ya rage. Shekara shida tana tara taurarin yabon da masu saye ke ba shagon nan, tana amsa saƙon mutane ko tana tsakiyar cin abinci, tana haɗiye baƙar magana daga waɗanda ba su kai ƙannenta ba. Ta kuma san in zanen ya dawo, da ƙullinsa zai dawo, kuma gidan ba kowa sai ita. Ta danna wurin amincewa da laifi. A gurbin dalili ta rubuta: kayan gidanmu ne, kuskure na yi.

Kafin magariba shagon ya ɓace daga wayar. Bayan mako guda Sodikin ya kawo kwalin, ya ajiye a dakali maimakon ya miƙa mata, bai yi wasan ƙanƙara ba. Ta mayar da zanen ƙasan kabad.

Ta koma shimfiɗa tabarma a bakin kasuwa ranar Lahadi, tana sayar da zannuwa ga masu taɓawa da hannu su taya. Abin da take samu bai kai rabin na da ba. Widuri ta haifi mace, ta turo hoto, Bulik ta sa aka wanke shi ta liƙa a ƙofar kabad ɗin. Wata goma sha ɗaya bayan haka, ranar wata Talata da hantsi, Rumiyah ta leƙo ta taga ta gan ta zaune gaban dutsen guga, kanta a jingine da bango, dutsen na ƙona zane, rai ya yi halinsa.

Da zanen kabad ɗin muka lulluɓe ta. Da aka dawo daga maƙabarta mahaifina ya miƙo mini allura da farin zare, don ni ce babbar mace da ta rage a gidan. Na bi bakin zanen da yatsa, na ƙirga takwas, na mayar masa da allurarsa, na ce an riga an ɗinka.

Zanen yana wurina yanzu. Duk Juma'a da safe nakan fito da shi in ƙirga. Har wannan makon takwas ne.