Lambar da Jan Fenti Ya Rufe

Ranar da Yayana ya ce zai kira 'yan gwangwan su yanka taraktar babanmu, tuwo nake ci, sai na tsame hannu daga kwanon. Taraktar da ta ciyar da mu, ta kai ni makaranta har na zama malamin firamare, wai ita za a ɗora wa wutar walda a auna a sikeli!

Ba zan ce Yaya ba shi da hujja ba. Baba ya kwance gaban injin da hannunsa don ya gyara famfon gas, ciwo ya kama shi, bai sake tashi ba. Ya rasu ya bar mana taraktar a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida a Aliero, kayan cikinta a buhun albasa, kaji na ƙwai a kan kujerar direba. Tun daga nan layin hayar tarakta muke bi, kuma kowa ya san mai haya sai ya gama da gonakin manya kafin ya waiwayi irinmu. A bara irin albasarmu ya tsufa a wurin raino muna jiran tarakta ta zo ta yi mana haro ta farfasa ƙasa, dashen bai yi kyau ba.

Yaya ya ce, "Ka ga iri ya fito. In lokacin dashe ya yi wagga aba ba ta tashi ba, wallahi sai ta tai. Ba ni aje gawa ƙofar gida."

Na ce, "Yaya, ba gawa ba ce, barci takai."

Ya ce, "To tashe ta mu gani, malam."

Na hau babur sai Jega, wurin taubashina, ɗan kawuna, bakanike ne na manyan motoci. Yana ganina ya fara halinsa, wai ga bawansa ya zo gaisuwa hannu rabbana. Da na zazzage masa buhun nan a gabansa, dariyar ta ɗauke. Ya jujjuya ƙarafan ya ce haɗawa ba wuya, amma haƙoran giyar da ke juya famfo kowanne da inda yake zama, in aka kuskure haƙori ɗaya injin ba zai yi aiki ba, shi kuma bai taɓa buɗe irin wannan ba. Ya ce, "Kai da ka iya cin takarda kamar akuya, nemo muna littafinta. Kai karatu, ni sifana."

Akwai wani shago kusa da jami'a inda ake sauko da littattafai daga intanet a buga wa ɗalibai. Na faɗa wa mai shagon sunan da ke rubuce a hancin taraktarmu. Ya nuna mini littattafai kala-kala a kwamfuta: na direba, na jerin kayan gyara, da na makanikai mai kauri. Na zaɓi mai kaurin, don a bangonsa ga hoton tarakta ja wur, hancinta, fitilunta, komai sak tamu. Na rungumo shi ina tafiya ina ƙasaita, har na bi ta gaban Yaya da gangan don ya gani.

Muka haɗa injin yadda littafin ya ce, ina karantawa ina fassarawa, taubashina na ɗaurewa. Aka kawo batir, aka murza makulli. Ta yi tari, ta yi wani irin atishawa ta salansa, ta turnuƙe mu da farin hayaƙi, ta mutu. Muka sake, haka. Muka kwance muka sake ɗaurewa, haka dai. Masu shan inuwa a gindin dalbejiya suka samu abin kallo kyauta, kowa ya zama injiniya. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce a kira mai rukiyya. Taubashina ya ce ko dai Turancin nawa na sayen biredi ne. Na ce ko dai hannun nasa na facin taya ne. Ranar mun rabu ba sallama.

Iri kuwa yana ta girma, ba ruwansa da rigimarmu. Wata safiya na fito na tarar da mutum biyu suna zagaya taraktar, ɗaya yana ƙwanƙwasa mata ƙarfe yana saurare kamar mai sayen kankana. Yaya ne ya turo su su duba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kore su da maganganun da ba su dace da malamin makaranta ba.

Bayan sun tafi na zauna a ƙasa da littafin, na daina karanta rubutun, na koma kallon hotuna kawai. A nan na ga abin da ya tsaya mini. Famfon da ke cikin littafin bututansa a jere suke, layi ɗaya. Namu kuwa a zagaye suke fitowa. Na duba, na sake dubawa. Na shiga gida da littafin a hannu, na samu Inna tana tsince shinkafa.

Na ce, "Inna, Baba ya taɓa canza wani abu babba a taraktar nan?"

Ta ɗago ta ce, "Awo mana. Ai injin nan ba nata na ba. Kuna ƙanana nata ya fashe, babanku yat tai Maiyama yas sawo na wata da ta faɗa rami. Shuɗi ne ma da anka kawo shi. Shi yab bi shi da ja."

Na dafe kai. Ashe kama da wane ba ta wane! Baba yana da wata al'ada da duk unguwa ta sani: kowace shekara in aka kwashe albasa aka zuba a rudu, wato rumbun ajiyarta, sai ya sayo gwangwanin jan fenti ya shafe taraktar tun daga hanci har gindi. Bai bar injin ba, bai bar kusoshi ba, har taya sai ta samu rabonta. Yana cewa ita ma ta yi sabon kaya. Shekara da shekaru ja a kan ja, har injin baƙo ya zama ɗan gida, mu da muka tashi a gindinsa ma ba mu sani ba.

Na ari wuƙar Inna ta yankan kuɓewa, na kwanta a gefen injin ina kankara. Fentin yana ɓarewa ɓawo-ɓawo, ja mai haske, ja mai duhu, wani ja da ya koma kamar goro, kowanne da shekararsa. Sai ga shuɗi. Na ci gaba da bin shuɗin har wuƙar ta fara tuntuɓe da wasu ramuka, na tofa yawu na goge da hannun riga, sai ga haruffa da lambobi an buga su a jikin ƙarfen. Na yi kabbara da ƙarfi har kaji suka watse.

Na koma shagon nan, wannan karon ban ambaci suna ko launi ba, lambar kawai na miƙa. Littafin da ya fito ko hoton tarakta babu a bangonsa, fari ne fat, mummuna. Amma da na buɗe, ga famfonmu da bututansa a zagaye, ga haƙoran giya da 'yan ɗige-ɗigen da ake haɗawa baki da baki. Ban biya ba sai da na gwada lambar da ke shafin farko da tawa, harafi bayan harafi.

Taubashina ya zo yana cika yana batsewa, wai don darajar gwaggonsa Inna ya zo ba don ni ba. Da ya wanke giyar da fetur ya ga ɗige-ɗigen daidai inda littafin ya nuna, sai ya ɗan murmusa, ya ce, "Karanta, bawa." Na karanta. Ya ɗaure. Muka fitar da iska daga bututun gas har man ya fito ba kumfa. Ya ce in hau in murza da kaina.

Na yi bisimilla na murza. Ta juya, ta yi tari ɗaya, sai ta kama! Baƙin hayaƙi ya tashi sama, ya washe, ƙarar ta zauna daram, dug-dug-dug, dalbejiya na karkarwa. Jama'a suka ɗau ihu. Taubashina ya jefa sifana sama ya rungume ni da hannunsa na baƙin mai, ya ɓata mini farar riga, ban ko damu ba. Wallahi ko ranar da na karɓi takardar kammala karatu ban ji daɗi irin wannan ba.

Ina kan kujerar na hango Inna a bakin zaure, ita da ba ta cika leƙowa waje ba. Ta riƙe ƙyaure, bakin mayafi a kan fuskarta. Daga baya ta ce mini tana cikin ɗaki ta ji ƙarar, har ta miƙe za ta ɗebo wa Baba ruwan wanka kafin ta tuna.

Mun yi haro a kan lokaci, mun ja fangalin ban ruwa, mun yi dashe iri yana ɗanye shar. Yaya bai ce mini sannu ba, ba halinsa ba ne. Shi dai ya karɓe sitiyarin ya hana kowa.

Da aka kwashe albasa aka zuba a rudu, na fito da safe na same shi a gindin dalbejiya da gwangwanin jan fenti da buroshi, ya riga ya gama hancin. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "Na sani, malam, na sani." Da ya iso gefen injin sai ya ɗora babban yatsansa a kan lambar, ya zagaye ta da ja a hankali, ya bar ɗan shuɗin nan a fili.