Bindigar Surukina da Gadun Fadama

Shekarun baya, lokacin da ake ginin dam ɗin Bakolori, ina tuƙa tifa a wajen Turawan da ke aikin. Ban daɗe da aure ba. Matata 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Maradun, mahaifinta kuma maharbi ne da aka sani har Faru da Janbako. Ruwan dam ya ci gonarsa ta gado kamar yadda ya ci na mutane da yawa, sai ya koma noman rogo da dankali a wata 'yar fadama da ɗan'uwansa ya ara masa. To ruwan da ya tashi mutane ya tashi namun daji ma. Gadu, wato aladen daji, ya sa wa fadamar nan ido. Abin da aka dasa yau, jibi a tarar an tone shi. Tsohuwar bindigarsa ta adaka kuwa kafin a ɗura ta, ɓarawon ya kai daji.

Akwai wani Bature makaniki da surukina ke rakawa harbin zabi ranar Lahadi. Da zai koma ƙasarsu, ya ce in kawo masa tsohon. Ni ne tafinta, da guntun Turancina na gareji. Ya shimfiɗa bindigogi biyu a kan tebur, ya ce ya zaɓi ɗaya. Guda mai baki biyu ce, sabuwa fil, tana walƙiya. Ɗayar tsohuwa ce, katakonta ya yi duhu. A ƙarƙashin kunamarta akwai wani ƙarfe mai kama da mariƙin buta. In ka tura shi gaba sai ta tofar da kwanson harsashi, in ka dawo da shi wani ya hau.

Ni dai idona na kan mai walƙiya. Surukina bai ko kalle ta sau biyu ba. Ya ɗauki tsohuwar, ya tabbatar babu komai a cikinta, ya ɗaga ta sama ya leƙa bututun ta wajen haske. Ya kai ta kafaɗa ya sauke, ya sake kaiwa. Sannan ya kara kunne yana tura ƙarfen nan a hankali, kamar mai sauraron numfashin jariri.

Duk da kunyar suruki, na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, ai waccan ta fi kyau."

Ya ce, "Kyawo na amarya ne. Waccan ta zabi ce, gadu ba ya jin ta. Wagga nika so, ta zauna mini ga kafaɗa."

Da na fassara, Baturen ya yi ta dariya, ya ce da ma ita ya fi jin zafin rabuwa da ita. Har Sakkwato muka je aka yi mata lasisi.

Yadda tsohon nan ke kula da ita abin kallo ne. Ko bai harba ba, in dai ta fita ta sha iska, sai ya shimfiɗa buzu ya zauna. Ya fitar da harsasai tukuna. Ya ɗaura tsumma mai tsabta a zare ya ja ta cikin bututun har tsumman ya fito fari. Gaɓoɓin ƙarfen nan kuma man keken ɗinki yake ɗiga musu, kaɗan, don ya ce mai in ya yi yawa yashi yake kira. Na taɓa kawo masa baƙin mai daga gareji ina ganin na yi abin kai. Ya yi godiya sosai, ya sa mini albarka, washegari na ga man a ƙafar amalanke. Harsasai a gwangwani suke, wuri daban, bindigar kuma a rataye inda hannun yara ba ya kaiwa.

Ranar da ba na mantawa, da hantsi ne, ban je aiki ba, na tafi taya shi cirar rogo. Matata na da tsohon ciki lokacin, amma ta ƙi zama. Muka hango ta a kan kunya ta ɗauko ƙwaryar fura. Ashe wani gadu ya tsinke tarkon waya a gonar maƙwabta, wayar ta yanke masa ƙafa, ya ɓuya a ciyawa. Gadu mai lafiya gudun mutum yake yi. Mai rauni kuwa ba ya zaɓe. Sai kawai muka ga ciyawa ta tsage ta bayan matata, ya fito kai a ƙasa, haure a gaba, ya miƙe wajenta.

Ni da na ce zan ruga, santsin laka ya kwashe ni na zauna daɓas. Surukina ya riga ya kai bindiga kafaɗa, amma bai harba ba, domin ita da dabbar suna layi ɗaya.

Ya daka tsawa: "Kwanta!"

Ta saki ƙwarya ta zube ta gefe. Ya ja kunama, sai muka ji ƙyas. Harsashin ya ƙi tashi. Shi ko kansa bai ɗaga ba. Hannunsa ya tura ƙarfen gaba ya dawo, mataccen harsashin ya yi tsalle gefe, sai ƙara. Gadun ya kife da baki, ya ja ƙasa, ya tsaya kusa da inda furar ta zube.

Sai da ya zare sauran harsasan ya jingine bindigar, sannan ya isa wajenta. Ya ce, "Ɗiyata, lafiya kike?"

Ta ce, "Lafiya lau, Baba. Furar ce dai ta tafi."

Da yamma Turawa suka zo da mota suka ɗauke gadun suna murna. Mu dai muka ce Allah ya raba mu. Kafin wata ya ƙare matata ta sauka lafiya.

Bayan suna na tambaye ta yadda aka yi ta kwanta nan take, alhali ba ta ma ga abin da ke zuwa ba. Ta ce, "Tun da na yi wayo Baba bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da na ji ta ɗagu, na san ba lokacin tambaya ba ne."

Tsohon ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ni kam ba maharbi na zama ba, har yau ƙarar bindiga razana ni take yi. Amma tun daga maganar nan tata nake tattalin muryata a cikin gida. In na ji tsawa ta taso mini a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai in haɗiye ta, don ban san ranar da zan buƙaci a ji ni tun kiran farko ba.