Kifayen Sista da Garin Sabulu

Assalamu alaikum, Edita. A shekarun da ake ginin dam ɗin nan na kusa da garinmu, ni matashi ne malamin dabbobi. Ina zaune a Dutsin-Ma, ina zagayawa a kan babur zuwa Kurfi, Barkiya da Wurma. Makiyaya Likita suke kirana, sunan kuwa ya hau mini kai, har na ɗauka duk abin da ke numfashi na san maganinsa.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar kudu, wadda kowa ke kira Sista. A falonta akwai akwatin gilashi cike da ruwa, da ƙananan kifaye masu launi, jelarsu doguwa tana lilo kamar mayafi. A tsakiya akwai wani farin dutse mai rassa da ƙananan ramuka, wanda ta ce murjanin teku ne. Marigayi mijinta ne ya haɗa akwatin da hannunsa, kuma da aka yi mata canjin wurin aiki, a kan cinyarta ta riƙo shi cikin mota har garinmu. Da aka aiko cewa mahaifiyarta na kwance, sai ta kawo wa matata makulli, ta roƙe ni in riƙa zuba musu abinci kaɗan kaɗan, in bar komai yadda na same shi. Na ce ta tafi hankali kwance, mai kayar da bijimi ai kifi ba zai gagare shi ba.

Da na fara shiga, sai na ga gansakuka ta rufe dutsen nan. Na ce a raina bari in burge ta. Na ciro shi, na dirje shi da soso da garin sabulu har ya yi fari fat, na ɗauraye sama sama, na mayar. Ba a jima ba bakin jelar kifayen ya fara yin fari, yana zarewa kamar tsohon zane. Naman ya riƙa ja da baya, yana barin 'yan ƙasusuwa tsirara kamar tsinken tsintsiya. Ko kaɗan ban kawo wankin dutse a raina ba. Na dube su da idon malamin dabbobi, na yanke cewa irin ruɓewar kofaton da ke kama shanu da damina ce. Na fasa kafso na zazzaga a ruwan. Da abin ya ƙi, na ɗiga shuɗin maganin da muke shafa wa rauni. Da ya ƙara ƙi, na jefa kanwa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ina yi ina ba da labari a majalisa cewa yanzu har kifi nake yi wa magani. Abokaina suka riƙa biyo ni suna leƙe ta taga, a gabansu nake tsamo matattun da ludayi ina cewa cutar ce mai ƙarfi.

Ranar da Sista ta dawo, biyu suka rage. Ta tsaya a gaban akwatin, jakarta ma ba ta ajiye ba. Ta tsoma yatsa a ruwan ta murza, ta kaɗa shi, kumfa ta taso. Ta juyo ta ce, "Malam, kafin su fara ciwo, me aka taɓa a ciki?" A nan ne na tuna, kuma da ƙasa za ta tsage da na shige. Ta bayyana mini cewa ramukan dutsen sun sha sabulu, suna ta sakinsa a hankali yana ƙone fatar kifayen, magungunana kuma suka ƙarasa su. Ta kwashe biyun ta sa a roba mai tsabta da ruwan da ya kwana, ta barbaɗa gishiri kaɗan, tana canza wani ɓangare na ruwan kullum. Ɗaya ya mutu. Ɗayan, bayan wasu makonni, wata siririyar fata ta fara tsirowa a bakin jelarsa.

Ba ta zage ni ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Matata kawai ta gaya wa, tana share hawaye, cewa tun rasuwar maigidanta da kifayen nan take fara gaisawa kowace safiya. Na daɗe ina sauya hanya don kada mu haɗu a ƙofar gida, har Allah ya ba ni ƙarfin zuwa na roƙi gafara, ta kuwa yafe.

Tun daga lokacin, in an kira ni garke, ba na buɗe jakar allura sai na tambayi me aka canza: mashaya, wurin kiwo ko abinci. Ina jan kunnen masu karatu, in an ba ku amanar abin da ba ku sani ba, ku tsaya inda mai shi ya tsayar da ku. In kuma kun ga ciwo, ku fara bincikar abin da hannunku ya taɓa kafin ku nemi magani.