Karan Dawar Inna Hasina

Duk baƙon da ya taɓa kwana a ƙauyenmu na Jazira ya san mahaifina Falalu tun kafin ya ga fuskarsa, don minsharinsa ake fara ji. Auduga da gyaɗa yake nomawa a hawasha, gonar ban-ruwan da ya gada. Mutum ne mai jiki, mai gajeren wuya, ba ya faɗa da kowa, shi ya sa kowa ya raina shi. Ko a kan jaki gyangyaɗi yake yi, mutane na dariya suna ce masa rago. Har yau ban yafe musu dariyar nan ba.

Mahaifiyata, Inna Hasina, ita kaɗai ta san abin da ke cikin minsharin. Yakan ja, ya ja, sai ya ɗauke ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga. Shekara talatin tana ajiye karan dawa a gefen gadonta. Da ya yi shiru sai ta zungure shi a haƙarƙari, ya shaƙi iska da ƙarfi, ya juya gefe.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, likita a Wad Madani ya ce zuciyarsa ta yi rauni, kuma duk lokacin da numfashin ya ɗauke, zuciyar ce ke shan wahala. Ya ce mai ciwon zuciya da ke da wannan lalura, in ba a kula ba, ba ya daɗewa. Aka samo masa na'ura mai hura iska ta hanci. Wata takwas Baba yana tashi garau. Sai yaƙi ya iso, muka gudu gidan ƙanensa Sharfuddeen kusa da Dinder. Na'urar tana cikin buhu, babu wutar da za a jona ta, magani ma yana ƙarewa.

Baffa Sharfuddeen mutum ne da ya fi tsoron bakin maƙwabta fiye da mutuwar ɗan'uwansa, ni ɗiyar Falalu na faɗa. Ya yanke cewa maza su kwana a diwan, ɗakin baƙi na waje, mata kuma cikin gida.

Inna ta same shi a ƙofa. "Malam Sharfu, ka bar yayanka shi kwana kusa da ni. Numfashinai na ɗaukewa."

"Aib, abin kunya, Hasina! Da girmanki? Gida cike da baƙi? Halas, na gama magana."

Ta miƙa masa karan. "To, riƙe wannan. Kada ku bari shi kwanta rigingine. In ya yi shiru, ku zungure shi."

Ya karɓa yana dariya, ya ɗaga wa mazan da ke zaune. "In ya yi shiru ai sai mu gode Allah!"

Kwana uku ƙattin nan suna mita, wai an hana su barci. Ran na huɗu, bayan abincin rana, suka ɗauki gadon Baba suka kai bayan garken awaki, ƙarƙashin dogon yaro. Shi kuwa, da halinsa na rashin musu, ya bi gadon, har da ba su haƙuri. Suka koma suka miƙe ƙafa.

Da la'asar na ji su a wurin alwala suna murna: "Wallahi yau mun yi barci!" Ni na kai wa Baba shayi. Na same shi rigingine, baki a buɗe, jiki ya yi sanyi.

Wajen zaman makoki Baffa ya gyara rawani yana faɗa wa masu gaisuwa: "Ya tahi cikin sauƙi. Ko motsinai ba wanda ya ji."

Daga bayan zana Inna, wadda ba ta taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, ta ce, "Sharfu, ina karana?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Ashe tun daren farko suka karya karan suka hura wutar gahawa da shi.