Saɓar da ke Cikin Akwatin Zannuwana

A ƙasan akwatin zannuwana, tsakanin atamfar aurena da tsohon ankon zumuntar mata, akwai saɓar maciji naɗe a cikin farin ƙyalle. Da mahaifiyata tana raye ta ji wannan, da ta tara dattawan coci a yi mini addu'a. A ƙauyenmu na ƙasar Bauchi ko sunan maciji ba a cika kama wa ba, sai a ce igiyar ƙasa, kuma duk wanda ya gan shi sanda yake nema. Haka na tashi, haka kuma na zo birnin Greensboro na ƙasar Turawan nan, ban taɓa zaton zan zauna gida ɗaya da shi har in riƙa ɗumama masa abinci ba.

Laifin kaza ne. 'Yata tilo, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, shi ya sa nake ce mata Uwata, a nan aka haife ta. Tana shekara tara muka je wata gona a McLeansville, nan bayan gari, sayen akuyar Kirsimeti, sai mai gonar ya ba ta ɗan tsako kyauta. Ta raine shi a gareji, ya girma, ashe mace ce, jar kaza mai ƙiba da ke bin ta har bakin titi idan motar makaranta ta zo. Ana nan sai yayan maigidana ya iso daga gida, zuwansa na farko ƙasar nan. A wurinmu babban baƙo irin wannan ba a ba shi kazar kanti mai ƙanƙara alhali ga mai rai tana yawo a gidan. Ban ma tsaya tunani ba. Yarinya tana makaranta na yanka, na fige, na yi farfesu. Ta dawo da yunwa ta ci, har ta nemi ƙari, sannan ta fita gareji da tsaba a hannu.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne dariyar da na yi ranar. Na ce mata kaza ce fa, ba mutum ba, zan sayo mata goma. Ba ta karɓi ko ɗaya ba. Daga ranar kuma ba ta sake cin kaza daga hannuna ba. A waje takan ci, na sani, amma idan ni na dafa sai ta ture gefe ta ci shinkafarta gaya.

Tana shekara goma sha shida, bayan rasuwar babanta, ta shigo gida da akwatin gilashi da 'yar mesa a ciki. Irin wadda ba ta girma sosai ce, ba ta da dafi, idan ta tsorata sai ta dunƙule kamar gammo. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na tambaye ta, duk halittun Allah ta rasa abin kiwo sai wannan? Ta dube ni ta ce da Turanci, wannan ce kaɗai ta tabbata ba zan dafa ba. Maganar ta soke ni, mesa kuwa ta samu wurin zama. Shekara biyu ban wuce bakin ƙofar ɗakin nan ba.

Da ta samu jami'a a wata jiha mai nisa, inda za ta fara karatun likitan dabbobi, aka ce ba a shiga ɗakin kwanan ɗalibai da irin wannan. Ta bi ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, kowacce uwarta ta ce a kai kasuwa. Ana jibi za ta tafi ta same ni a kicin, ta tsaya tana murza yatsu, sannan ta haɗa 'yar Hausarta ta ce, "Mama, amana."

Ta yi mini dogon bayani da Turancinta mai gudu, ni kuwa hankalina yana kan dambun nama da yaji da nake ƙulla mata a leda. Abin da na kama shi ne, duk kwana goma a ciro mataccen ɓera ɗaya daga firiza, a jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya saki, a miƙa mata da dogon hantsaki. Sauran ya shiga ta nan ya fita ta can, ina ta cewa to, to.

Ɓeraye a firizata, kusa da daddawa da kifi banda! Na yi mita, amma na riƙe alkawari. Ranar farko na sa tsohuwar kwat ɗin maigidana da safar hannu ta wanke-wanke, ina rera waƙar coci don in ji ƙarfin zuciya, na miƙa ɓeran ina kau da kai. Kafin in ƙifta ido ta cafke. A hankali na ajiye kwat ɗin. Gidanmu na gabashin Greensboro ya yi mini faɗi bayan tafiyar yarinyar, sai na samu kaina ina shiga ɗakin idan na dawo daga aiki, in zauna a bakin gadonta in ba mesa labarin wanda ya ɓata mini rai. Ba ta taɓa katse ni ba, abin da ba zan iya faɗa a kan matan zumunta ba.

Wata Asabar, wajen wata biyu da tafiyarta, na ga jikin mesar ya dushe kamar an barbaɗa mata toka. Idanunta sun yi fari-fari, shuɗi-shuɗi. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, na san yanar ido idan na gan ta. Na miƙa ɓera, ta janye kai ta shige cikin ɗan kogon itacen da take ɓuya. A wurinmu majinyaci in dai yana karɓar ko da kunu ne, da sauransa. Ranar da ya rufe baki, ranar ake fara aika wa dangi. Maigidana ma haka ya yi, mako guda kafin ya tafi ya daina karɓar cokali daga hannuna. Ban san wata hanyar jinya ba sai ta ciyarwa.

Kullum sai in jiƙa sabon ɓera in kai mata, in kaɗa shi a bakin kogon, in lallashe ta, in yi mata faɗa, daga baya in zubar. Ran Lahadi bayan coci Uwata ta kira kamar yadda ta saba, ta tambayi mesarta. Na ce lafiyarta ƙalau. Ƙarya ce na shara, da bakin da na gama rera waƙa da shi. Amma yaya zan ce wa yarinyar nan abu na biyu da take so a duniya shi ma yana mutuwa a hannuna? Na san idan haka ta faru ba za ta yi faɗa ba. Za ta riƙa kira ran Lahadi, ta gaishe ni da ladabi, shi ke nan, har in mutu.

Na kai kukana wurin Hajiya, abokiyar aikina, 'yar zangon Kumasi, mace mai maganin kowace matsala ko ba a tambaye ta ba. Ta saurare ni tana ninke zanen gado, ta ce, "Anti, ke ma dai. Wata biyu kina ba baiwar Allah mushe daga firiza, ba dole ta yi yaji ba? Ko ke ce za ki ci? Samo mata mai rai." Maganar ta zauna mini daram. Ai a daji babu mai jiƙa mata ɓera a ruwan ɗumi.

Na tashi aiki da azahar na biya kantin dabbobi, na fito da farin ɓera a ɗan kwali yana ta ƙaraf-ƙaraf. Na ɗage kogon don kada ta samu wurin ɓuya, na juye ɓeran a cikin akwatin, na ja kujera na zauna ina jiran in ga aiki. Ɓera ya zaga, ya shinshina kwanon ruwa, ya wanke fuska. Mesa kuwa ba ta gani, sai ta dunƙule ta cusa kai a tsakiya. Da ɗan banzan ya gane babu mai taɓa shi, sai ya hau bayanta ya kafa haƙori. Na ga jini, ɗan ɗigo ja a kan tokar jikinta, ita kuwa ko motsi ba ta yi ba, sai ƙara ƙanƙamewa.

Hantsakin yana kicin. Ban san lokacin da na zura hannu ba. Na damƙo ɓeran, ya juyo ya cije ni a babban yatsa, ban sake shi ba sai a cikin bokiti. Tsintsiyar hannuna ta gogi jikin mesar, na ji shi a bushe, ba santsi ko kaɗan, ba kamar yadda na ɗauka tun ina yarinya ba. Na zauna a ƙasa, yatsa yana zuba, na ce garin neman gira na rasa ido. Sai na ɗauki waya.

Na faɗa mata komai, har ƙaryar ran Lahadi. Sannan na faɗi abin da shekara tara ban faɗa ba. Na ce, "Uwata, na yanka miki kazarki, na yi dariya. Ga wannan ma na kusa kashe miki. Ki yafe mini."

Sai da na duba ko wayar ta katse. Can ta ce in juya kyamara ta gani. Ta duba idanun, ta duba ciwon, ta ce bai yi zurfi ba. Ta ce mesar ba ciwo take yi ba, tsohuwar fatarta za ta tuɓe, kuma ta gaya mini wannan a kicin ranar da nake ƙulla yaji. Na ce, saɓa? Ba ta san kalmar ba, sai da na maimaita mata. Ni da na tsinci saɓa ba adadi a bayan rumbu da kunyoyin gyaɗa, ban taɓa ganin maciji yana shirin yin ta ba, don mu ba ma barinsa ya kai gobe. Ta ce in mayar mata da kogonta, in sa jiƙaƙƙen tawul a ciki, in cika kwanon ruwa, in wanke ciwon yadda za ta nuna mini, sannan in fita harkarta. Kada in ba ta komai. Idan ta gama, da kanta za ta nema.

Har za mu yi sallama ta ce, "Mama, da me kika cire ɓeran?"

Na ce, "Da hannu."

Na ji wani sauti, ban san ko dariya ba ce ko kuka. Ta ce in wuce asibiti yanzu a duba yatsan, kuma in kira ta idan na fito. Ba ranar Lahadi ba ce, amma sau uku muka yi magana ranar. Ɓeran kuwa na mayar wa masu kantin abinsu.

Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar barin mesar nan ba. In wuce ƙofar, ƙafata ta ja ni wajen firiza, in daka wa kaina tsawa. Bayan 'yan kwanaki idanunta suka washe. Wata safiya na shiga na tarar da saɓar a miƙe jikin itace, a juye kamar safar da aka cire da sauri, har da gurbin idanu, da 'yar huda inda ɓera ya ciza. Ita kuma tana gefe tana sheƙi kamar an shafa mata man kaɗe. Da kwananta ya zagayo na miƙa mata ɓera, ta cafke tun ban gama buɗe murfi ba. Yanzu tana can wurin mai ita a wata jiha, ɗakin ya zama na ajiye kaya, amma har yau nakan ɗan tsaya a bakin ƙofar idan na dawo daga aiki.

Kirsimetin shekarar Uwata ta zo hutu a rame, karatu ya tatse ta. Ta gaishe ni, ta shige ɗakinta wurin mesarta ta rufe ƙofa. Da a da ne, da na bi ta da faranti sau biyar kafin la'asar, ina bugawa ina mita, har mu yi faɗa. Wannan karon na dafa, na rufe, na bar mata a kan murhu. Kwana biyu ina jin motsinta, ina cije leɓe, ban ƙwanƙwasa ba.

Rana ta uku da hantsi ina soya kajin da zan kai coci, sai na ji ta a bayana. Ta jingina da firiji tana kallona. Sai ta miƙa hannu cikin kwandon da nake tsane su, ta ɗauki fiffike, ta hura, ta ci a tsaye har ta tauna ƙashin. Ta ce gishiri ya yi kaɗan. Na ce wanda bai dafa ba ba ya gyara wa mai dafawa. Na juya wajen kasko don kada ta ga fuskata, na lalubo cinya mafi girma na ajiye mata a faranti.